SHIRLEY JACKSON: MATAR GIDAN DA TA TSORATA AMURKA

Gabatarwa

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo tarihin wata marubuciya 'yar ƙasar Amurka, wadda ta yi suna wajen rubuta ƙagaggun labarai na ban tsoro da sa zullumi. Sunanta Shirley Jackson, ta kuwa rasu tun shekarar 1965. Na fara cin karo da ita ne a wani darasi da muka ɗauka a Sashen Ingilishi, inda aka ba mu wani gajeren labarinta mai suna The Lottery, aka ce mu karanta kafin mako ya zagayo. Labarin ɗan ƙarami ne, a zama ɗaya ake gama shi. Na karanta shi da dare, da na kai ƙarshe sai na koma farko, domin na ɗauka akwai shafin da na tsallake. Ashe babu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan. A tatsuniyoyin da muke nazari a aji, Dodo yana da mazauni sananne, ko dai cikin daji ko cikin ruwa, kuma yarinyar da ta samu ta ruga gida ta tsira. A labaran wannan mata kuwa, gidan shi ne wurin haɗari, masu cutarwar kuma su ne uwa, da miji, da maƙwabcin da ake gaisawa da shi kowace safiya. Da na bi tarihinta sai na tarar ruwa ba ya tsami banza.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Shirley Jackson ranar 14 ga Disamba 1916 a birnin San Francisco na jihar Kalifoniya, ta kuma tashi a Burlingame, wata unguwar masu hali da ke kusa da birnin. Mahaifinta haifaffen Ingila ne, yana aiki a wani kamfanin ɗab'i, inda ya yi ta samun ƙarin girma. Mahaifiyarta mace ce mai son ado da shiga taron manyan mutane, burinta ta samu 'ya siririya mai fara'a wadda za ta riƙa nunawa. Sai Allah ya ba ta yarinya mai jiki, mai son kaɗaici, wadda ta fi son ta kulle kanta a ɗaki tana karatu da rubuce-rubuce. Uwar ba ta taɓa haƙura da wannan ba. Tun Shirley tana ƙarama take yi mata gori a kan ƙibarta da gashinta da irin shigarta, kuma ba ta daina ba har bayan 'yar ta yi aure ta haifi 'ya'ya huɗu ta yi suna a duniya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin da wuya a buɗe littafin Jackson a rasa uwa mai takurawa, ko da kuwa uwar ta riga ta mutu kafin labarin ya fara.

Tana gab da gama sakandare iyalin suka ƙaura zuwa Rochester a jihar New York, can ɗaya gefen ƙasar. Ta gama sakandare a 1934, ta shiga Jami'ar Rochester, amma karatun bai yi kyau ba, ta bar wurin a 1936 cikin baƙin ciki. Ta yi shekara guda a gida. A wannan shekara ce ta ɗora wa kanta dokar rubuta kalma dubu kowace rana, ko da ilhami ko babu. A 1937 ta koma makaranta, wannan karon Jami'ar Syracuse.

Mujallar ɗalibai da aure

Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu a mujallar ɗalibai. A 1938 an buga wani ɗan labarinta mai suna Janice a wani kundi na rubuce-rubucen ɗalibai. Labarin bai fi shafi guda ba, yana magana ne a kan wata ɗaliba da take ba ƙawayenta labarin yadda ta yi yunƙurin kashe kanta, cikin sanyin murya kamar mai ba da labarin cefane. Wani ɗalibi mai suna Stanley Edgar Hyman, Bayahude daga Brooklyn, ya karanta, ya shaida wa abokansa cewa lallai zai auri wadda ta rubuta shi, alhali bai taɓa ganinta ba. Ya neme ta ya same ta. Su biyun suka kafa wata mujalla ta ɗalibai mai suna Spectre, inda suka riƙa sukar wariyar da ake nuna wa baƙaƙen fata da Yahudawa. Mujallar ba ta daɗe ba.

Sun gama jami'a a 1940, suka yi aure a wannan shekara. Iyayen ɓangarorin biyu ba su so ba: nata ba su son Bayahude, nasa ba su son wadda ba Bayahudiya ba. Suka zauna a birnin New York, shi yana aiki da mujallar The New Yorker, ita kuma tana aika gajerun labarai ga mujallu. A 1943 The New Yorker ta buga wani labarinta a kan wata Baturiya da ɗanta ya zo gida da abokinsa baƙar fata, ita kuwa nan take ta yanke cewa yaron matalauci ne, ta shiga yi masa tayin tsofaffin tufafi, har ta fusata da ya nuna ba ya bukata. Babu jini a labarin, babu fatalwa. Sai dai tun a nan an ga inda idonta yake, wato irin muguntar da ke zuwa da murmushi.

A 1945 Hyman ya samu aikin koyarwa a Kwalejin Bennington da ke jihar Vermont, wadda a lokacin ta mata ce zalla. Suka tare a wani ƙaramin gari mai suna North Bennington, kuma in ban da 'yan shekarun da suka yi a jihar Connecticut, nan ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Mutanen garin ba su sake da malaman kwaleji ba, balle malami Bayahude da matarsa mai shan sigari, mai tara kyanwoyi, masu karɓar baƙi baƙaƙen fata. Ɗaya daga cikin baƙin nan shi ne Ralph Ellison, marubucin Invisible Man, wanda aminin gidan ne.

Cikin gidan kuma, aikin duk a kanta yake. Hyman mutum ne mai ilimi, kuma ya yarda da baiwar matarsa fiye da kowa, shi ne mai fara karanta abin da ta rubuta. Amma ba ya taɓa aikin gida, bai ma koyi tuƙin mota ba, ita ce direban kowa. Yana neman mata, har da tsofaffin ɗalibansa, kuma ba ya ɓoye mata. Kuɗin gida a hannunsa suke, yana yanka mata abin da ya ga dama, ko da lokaci ya zo da abin da take samu daga rubutu ya fi albashinsa. Haka take dafa abinci, ta yi wanki, ta kai yara makaranta, ta karɓi baƙin miji, sannan ta saci sa'a ɗaya ko biyu ta zauna gaban tafireta.

Labarin da ya tayar da ƙura

A 1948 littafinta na farko ya fito, The Road Through the Wall, wanda ta gina a kan unguwar da ta tashi a Kalifoniya. Bai yi kasuwa ba. Abin da ya fito da sunanta shi ne gajeren labarin nan da na ambata, wanda The New Yorker ta buga a fitowarta ta 26 ga Yuni 1948. Kamar yadda ita kanta ta bayyana daga baya a wata lacca, tunanin ya zo mata ne tana tura 'yarta a keken jarirai, tana hawan tudu da kayan cefane, da ta isa gida ta ajiye kayan ta zauna ta rubuta shi kusan a zama ɗaya.

Ga yadda labarin yake, a taƙaice. Safiyar 27 ga Yuni ce, rana ta fito, furanni sun buɗe. Mutanen wani ƙauye, su kimanin 300, suna taruwa a dandali. Yara sun riga kowa zuwa, suna tsintar duwatsu suna tarawa a gefe, mai karatu kuma ya ɗauka wasa ne. Maza suna hirar shuka da haraji, mata suna gulma. Aka kawo wani tsohon baƙin akwati cike da ƙananan takardu. Kowane magidanci ya zo ya zari ɗaya. Wata mata mai suna Tessie Hutchinson ta zo a makare, tana raha cewa wanke-wanke ne ya tsare ta. Wani tsoho da ya halarci taron sau 77 yana ta faɗa a kan ƙauyukan da aka ce sun daina wannan al'ada, domin a ganinsa albarkar masara a kanta ta dogara. Da aka buɗe takardu, sai aka ga mijin Tessie ne ya zari mai baƙin ɗigo. Nan ta fara ƙorafin cewa ba a yi adalci ba. Aka sake zaɓe tsakanin mutanen gidan su biyar, uba da uwa da 'ya'ya uku, sai ɗigon ya faɗo a kanta. Jama'a suka nufi tarin duwatsun. Ƙawarta da suka gama raha ɗazu ta ɗauki dutsen da sai da hannu biyu, wani kuma ya miƙa wa ƙaramin ɗanta 'yan tsakuwoyi. Suka jefe ta. Iyakar labarin ke nan, ba a ce me ya sa ba.

Mujallar ba ta taɓa samun wasiƙu a kan wani ƙagaggen labari kamar yadda ta samu a kan wannan ba. Wasu suka soke biyan kuɗin mujallar. Jackson ta ce a wannan bazara kaɗai wasiƙu fiye da 300 suka iso mata, kuma 13 ne kawai suka yi mata magana mai daɗi, yawancinsu daga abokai. Har mahaifiyarta ta rubuto cewa ita da mahaifin ba su ji daɗin labarin ba, ta kuma ba ta shawarar ta rubuta abin da zai faranta wa mutane rai. Abin da ya fi ba Jackson mamaki, ni ma shi ya fi tsaya mini a rai, shi ne masu rubutowa suna tambayar a wane gari ake wannan al'ada, da kuma ko ana iya zuwa kallo. Mijinta ya ba da labarin cewa gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana shigar da labarin ƙasarta, ita kuwa ta yi alfahari da haka, domin a ganinta su dai sun gane abin da take nufi.

Me take nufin? Ta ɗan yi bayani ga wata jarida ta San Francisco a watan Yuli na wannan shekara, cewa ta ɗauko tsohuwar al'ada ta zubar da jini ta dasa ta a ƙauye irin nata, a zamaninta, domin masu karatu su ga rashin imanin da ke cikin rayuwarsu. Kada a manta shekara uku kacal ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu, duniya ta ga abin da mutane masu zuwa aiki da safe su dawo su yi wasa da 'ya'yansu suka yi wa maƙwabtansu Yahudawa a Turai. Amurkawa sun ɗauka wannan halin wasu ne can ƙetare. Sai ga mace ta sa shi a bakin mutane masu irin sunayensu da irin hirarsu. A nawa ganin, shi ya sa suka fusata.

Bari in ɗan ratse, tunda mu ɗaliban harshe ne. Na gwada fassara sunan labarin zuwa Hausa. Da farko na sa Caca, amma caca ana yinta ne da son rai, da fatan ci. Ni da Hausa ba harshen uwa ba ne gare ni, sai na tambayi wata abokiyar karatuna wadda ta tashi da shi, ta ce in sa Ƙuri'a. Na ga kuwa ta fi ni gaskiya, har ma kalmar ta yi abin da ta Ingilishin ba ta yi ba, domin ƙuri'a tana nufin zaɓe ta hanyar sa'a, tana kuma nufin abin da jama'a suke kaɗawa su yanke hukunci tare. Duka biyun suna cikin labarin. Abin da fassarar ta rasa shi ne yaudarar da ke cikin sunan asali, wanda yake sa mai karatu ya yi ta jiran a ba wani kyauta.

Marubuciya ko matar gida

A wannan shekara ta 1948 ta je asibiti haihuwarta ta uku. Ma'aikaciyar da ke cike takarda ta tambaye ta sana'arta, ta ce marubuciya. Ma'aikaciyar ta ce bari dai ta rubuta matar gida. Jackson ta maimaita, ma'aikaciyar ta rubuta abin da ta ga dama. Jackson ta ba da wannan labari ne da sigar ban dariya, amma a gaskiya shi ne abin da ya bi ta har kabari.

Dalili kuwa, tana da fuska ta biyu a rubutu. Domin ciyar da gida mai yara huɗu, ta riƙa sayar wa mujallun mata irin su Good Housekeeping da Woman's Day labarai na raha a kan rainon yara, da ɓatan bargo cikin dare, da motar da ta ƙi tashi. Mujallun nan suna biya da kyau. An tara labaran a littattafai biyu, Life Among the Savages a 1953 da Raising Demons a 1957, sunayen da ke kwatanta 'ya'yan nata da mutanen daji da kuma aljanu. Na farkon ya yi kasuwa sosai. Masu sharhin adabi na lokacin, waɗanda kusan dukansu maza ne, suka rasa inda za su ajiye ta. Yaya mai rubuta labarin jifa za ta koma tana ba da labarin wankin kwanoni? Da yawa suka yanke cewa ba marubuciyar kirki ba ce, mai nishaɗantar da mata ce kawai.

Ni dai da na karanta ɓangarorin biyu ban ga tazara ba. Mace ce a cikin gida, aiki ya yi mata yawa, ba mai jin maganarta, kayan ɗaki kamar suna yi mata gangan. In ta ba da shi ta wannan fuska a yi dariya, in ta juya shi gashin jiki ya tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma maganar sihiri. A bangon littafinta na farko an rubuta, cikin raha, cewa tana taɓa sihiri. 'Yan jarida suka kama wannan suka riƙe. Gaskiya ne tana da tarin littattafai a kan tarihin maita, tana kuma yi wa abokai duba da kati. Ta riƙa wasa da maganar, har ta ce ita ta sa wani mai kamfanin buga littattafai, Alfred Knopf, wanda ke rigima da mijinta, ya karya ƙafa wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara a Vermont. Wasan ya taimaka wajen talla, amma ya ƙara ba masu raina ta hujja. Da ta zo rubuta littafi na gaske a kan maita, wato The Witchcraft of Salem Village na 1956 wanda ta yi domin yara, abin da ta nuna shi ne yadda a 1692 mutanen gari guda suka bi zargin 'yan mata suka rataye maƙwabtansu 19. Wato dai dandalin nan ne da duwatsunsa.

Manyan littattafanta

Ta rubuta ƙagaggun littattafai shida. Hangsaman na 1951 labarin wata ɗalibar kwaleji ce da hankalinta ke rabuwa da ita sannu a hankali. The Bird's Nest na 1954 a kan wata budurwa ne mai mutum huɗu a cikin kanta. The Sundial na 1958 kuma wasu dangi ne masu ƙin juna da suka kulle kansu a katafaren gida suna jiran tashin duniya. Amma biyun ƙarshe su ne suka tsaya.

The Haunting of Hill House ya fito a 1959. Wani malami, Dakta Montague, yana son ya tabbatar da samuwar fatalwa ta hanyar bincike, sai ya kama hayar wani tsohon gida da ake tsoro, ya gayyaci mutane su zauna tare da shi. Cikinsu akwai Eleanor Vance, mai shekara 32, wadda ta shafe shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta mai faɗa har ta mutu, ba ta da miji, ba ta da ƙawa, ba ta da ɗakin kanta, a gidan 'yar'uwarta take raɓe. Ta ɗauki motar da suka haɗa kuɗi suka saya ba da izini ba, ta tafi. Wannan ce tafiya ta farko da ta yi don kanta.

Gwanintar Jackson a nan ita ce ba ta taɓa nuna fatalwar ba. An gina gidan ne a ɗan karkace, babu kusurwar da ta daidaita, ƙofofi suna rufe kansu. Da dare ana dukan ƙofofi da ƙarfi. An wayi gari an ga rubutu a bango da sunan Eleanor, ana kiranta gida. Akwai wani dare da take kwance cikin duhu tana jin kukan yaro, ta ƙanƙame hannun abokiyar ɗakinta Theodora don tsoro; da haske ya dawo sai ta ga Theodora tana can kan nata gadon, nesa da ita. To hannun wa ta riƙe? Littafin bai faɗa ba. Har ƙarshe mai karatu ba zai iya rantsewa ko gidan ne ke da aljanu, ko kuwa Eleanor ce ke haddasa abin ba tare da ta sani ba. Abin tausayin shi ne, wannan mugun gida shi ne wuri na farko da ta ji ana sonta. Da sauran suka ga hankalinta yana gushewa suka ce ta koma inda ta fito, sai ta shiga mota ta nufi wata babbar bishiya a kan hanyar fita da gudu. Littafin ya shiga jerin ƙarshe na gasar National Book Award ta 1960, kuma Robert Wise ya mayar da shi fim a 1963.

Na ƙarshe shi ne We Have Always Lived in the Castle, na 1962, kuma shi na fi so. Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara 18 da ake kira Merricat. Tana zaune da yayarta Constance da kawunsu gurgu a wani babban gida a gefen gari. Shekara shida kafin nan sauran mutanen gidan sun mutu a wajen cin abincin dare, saboda an zuba guba a cikin sukari. An tuhumi Constance, kotu ta sake ta, amma gari bai sake ta ba. Constance ba ta iya wuce lambun gida, Merricat ce ke shiga gari cefane sau biyu a mako, yara suna binta da waƙar zambo. Ran da gobara ta kama gidan, mutanen gari suka zo, aka kashe wutar, sannan suka faɗa ciki suna farfasa kaya suna dariya. Bayan kwana biyu kunya ta kama su, suka riƙa zuwa da dare a ɓoye suna ajiye abinci a bakin ƙofa. 'Yan matan biyu suka toshe tagogi suka ci gaba da zama a abin da ya rage na gidan, Merricat kuma tana ganin sun dace. Wanda ya zuba gubar ba zan faɗa ba, don masu niyyar karantawa. Mujallar Time ta sa littafin cikin goma mafi kyau na wannan shekara.

Rashin lafiya da rasuwarta

Abin da ta rubuta a kan Constance sai ya same ta. Bayan fitowar littafin, ciwon tsoron fita ya kama ta, ta yi watanni ba ta iya taka ƙofar gida, wani lokaci ko ɗakinta ba ta iya bari. Dama jikin ya daɗe da gajiya. Tana fama da asma da ciwon hanji, ga ƙiba, ga sigari da giya, ga ƙwayoyin da likitoci suka ɗora ta a kai shekara da shekaru, na rage ƙiba da safe, na kwantar da hankali da dare. A daidai lokacin da littafin ke samun yabo, mahaifiyarta ta ga hotonta a mujallar Time, ta rubuto mata wasiƙa, ba don ta taya ta murna ba, sai don ta yi mata faɗa a kan yadda ta bari aka ɗauke ta hoto da irin wannan kama. Jackson ta rubuta amsa mai zafi, amma ba ta aika ba.

Ta fara ganin likitan ƙwaƙwalwa, sannu a hankali ta samu sauƙi. Ta koma fita, har ta zagaya wasu kwalejoji tana karanta labaranta ga ɗalibai. Ta kuma fara sabon littafi, Come Along with Me, wanda ya bambanta da na baya: wata mata ce mijinta ya mutu, ta sayar da komai, ta shiga wani gari da ba wanda ya san ta, ta raɗa wa kanta sabon suna, tana jin daɗin abinta. Masu nazarin takardun da ta bari sun nuna cewa ita ma a wannan lokaci tana tunanin barin mijinta ta zauna ita kaɗai. Ba ta kai ga haka ba, ba ta kuma gama littafin ba. Ranar 8 ga Agusta 1965 ta hau bene ta kwanta barcin rana kamar yadda ta saba, zuciyarta ta tsaya. Shekarunta 48.

Bayan rasuwarta

Hyman ya buga guntun littafin tare da wasu labarai a 1968, ya kuma yi ƙorafin cewa ba a ba matarsa girman da ya dace da ita ba. Shi ma ya rasu a 1970. Daga nan sunanta ya dushe. Ana dai koyar da labarin Ƙuri'a a makarantun sakandare na Amurka, amma da yawa daga littattafanta sun ɓace daga kasuwa, jami'o'i kuma ba su ɗauke ta abin nazari ba.

Marubutan labaran ban tsoro su ne suka riƙe ta. Stephen King ya sadaukar da littafinsa Firestarter na 1980 gare ta, a Danse Macabre na 1981 kuma ya sa labarin gidan nan cikin mafi girma da aka rubuta a wannan fanni. A 1996 'ya'yanta suka fitar da tarin labaranta, ciki har da waɗanda ba a taɓa bugawa ba, waɗanda aka samo wasunsu cikin wani akwati a wani ɗakin ajiya a Vermont. A 2007 aka kafa lambar yabo da sunanta domin marubutan wannan fanni. A 2010 Library of America, mai tattara ayyukan manyan marubutan ƙasar, ta fitar da kundin ayyukanta wanda Joyce Carol Oates ta tsara, duk da cewa a lokacin ma an samu masu cewa ba ta kai ba. Ruth Franklin ta fitar da cikakken tarihinta a 2016, a shekarar cikarta ɗari da haihuwa, sannan Netflix ta yi fim mai dogon zango a kan Hill House a 2018.

Garin North Bennington ma, wanda mutanensa suka yi ta kallonta a kaikaice tana raye, ya fara shirya taron tunawa da ita a 'yan shekarun baya, inda ake taruwa a karanta labaranta. Lokacin da suka zaɓa shi ne ƙarshen watan Yuni, daidai da ranar da aka jefe Tessie.